Uwar Layi da Lambar Auta

Kafin mai shara ya gama goge matattakala, ta riga ta hau bene. Jaka a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu, rigar sanyi a naɗe a hammata ko da ana zafi kamar a cire fata, saboda teburinta yana jikin ɗakin injuna. Su kuwa injunan nan 'yan gata ne, in ba a kunna musu sanyi ba sai su yi yaji. Za ta ajiye jaka, ta zura rigar, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Ba ta yi wa kowa gaisuwar kirki sai ta gama duba kiran da suka faɗi tun tashinta jiya. Abokan aiki sun saba. In mutum ya shigo ya ce, "Anti, ina kwana," hannu kawai za ta ɗaga masa, idonta a kan allo. Sai can ta juyo ta tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da yaron da ya ce yana tari makon jiya.

Uwar Layi suke ce mata. Direban kamfanin ne ya laƙaba mata sunan da wasa, sunan ya bi ta har gida, yanzu maigidanta ma in yana jin tsokana da shi yake kiranta. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan ta yi furfura a kujera ɗaya, kuma in ka tsaya bakin titi kana tare mutane har yamma, da wuya ka sami wanda ya san akwai irin aikinta a duniya.

Kamfanin ƙarami ne, a saman wani kantin sayar da kujeru. Aikinsa haɗa kiran da ya taso ta intanet da layukan waya na yau da kullum. Wanda ke zaune a wata ƙasa zai danna lambar mahaifiyarsa, ita kuwa wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ba ruwanta da intanet. Kiran sai ya biyo ta injunan nan, su miƙa shi ga layin da tsohuwar take kai. To amma kiran intanet ba shi da lamba ta kansa. In ba a saka masa ba, haka zai iso fuskar waya ba suna ba shaida, ko kuma da wata doguwar lamba mai kama da ta motar haya, yau daban gobe daban. Wa zai ɗauka, a wannan zamani da 'yan damfara suka hana kowa sakat? Aikin Uwar Layi ke nan: ta saka wa kiran lambar mai shi, yadda in wayar ta yi ƙara, wanda ake kira zai ga sunan da ya sani.

Saka lambar kansa ba wani abu ba ne, kafin shayi ya huce an gama. Abin da ya sa aka san ta, kuma wasu suka tsane ta, shi ne ƙa'idarta. Ka ce lambar taka ce? Madalla. Injin zai kira ta, ka ɗauka da hannunka, a karanta maka wasu 'yan lambobi, ka dawo ka faɗa mata. In ka kasa, ka sha ruwa ka kama gabanka. An taɓa yin wani mai ƙamshin turare da ya hau benen nan yana son lambar wani banki ta riƙa fita in ya kira mutane, wai shi wakili ne. Ta ce, "Babu damuwa, ranka ya daɗe. Bari injin ya kira bankin su ɗauka." Ya ce bari ya ɗauko wani abu a mota, har yau yana ɗaukowa. Wani magidanci kuma lambar ofishinsa yake so ta riƙa fita in ya kira gida, ko daga ina yake. Ta dube shi ta saman tabarau har sai da ya fara gyara hula. Manaja ya sha cewa tana korar masa kasuwa, amma bai taɓa ce mata ta sauya ba.

Sai dai labarin da ya fi zama a bakin mutanen ofishin shi ne na wata da ba ta taɓa hawa benen ba, wadda su duka suka sani da sunan da ubanta ke kiranta, Auta.

Wata rana da hantsi aka haɗa Uwar Layi da kiran wata mai hulɗa da kamfanin daga ƙasar waje. Muryar mace ce, a gajiye.

"Anti, an ce ke ce mai saka lamba."

"Ni ce. Wace lamba za a saka?"

Ta karanto ta da ka, ba ko tsayawa.

"Taki ce?"

"Tawa ce. Wato... tawa ce a da."

Uwar Layi ta janye hannu daga kwamfuta. Ta daɗe a aikin nan, ta san in aka ce "a da" to akwai labari. Ta ce, "Ina jin ki, 'yata."

Auta ma'aikaciya ce a wani gidan kula da tsofaffi, can nesa inda in rana ta faɗi a nan su suke tsakiyar yini. Mahaifinta tsohon mai gyaran agogo ne, sana'ar ta cinye masa idanu, yanzu yana zaune da ƙanwarsa da kowa ke kira Gwaggo. Da farkon tafiyarta da tsohon layinta take kiransa, da tsadarsa da komai. Sai aka sace mata wayar a tashar jirgin ƙasa. Sabunta layin kuwa sai mutum ya je da kansa, ita kuma takardun zamanta suna hannun hukuma, in ta fita ƙofa ta rufe ke nan, ga gida gaba ɗaya ita yake kallo. A wannan tsakanin ne wata ta kira tsohon da baƙuwar lamba tana kuka, tana cewa, Baba ni ce, na canja layi, ina cikin masifa. Ya sa aka sayar da akwatin kayan aikinsa da ya rantse ba zai rabu da shi ba, ya aika. Da gaskiya ta fito bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Magana ɗaya ya yi: "'Yata lamba ɗaya gare ta." Tun daga ranar ya daina amsa duk wani kira.

"Gwaggon fa? Ki kira ta wayarta mana, ta miƙa masa."

"Na yi har na gaji, Anti. Za ta kara masa a kunne, in ce Baba ni ce, ya saurara, sai ya ture hannunta ya ce waccan ma haka ta ce. Ya daina yarda da murya. Hoto kuma ba ya gani. Ki saka mini lambar nan kawai, don Allah. Ni na san zai ɗauka."

"Layin yana hannun wa yanzu?"

"An ba wani. Ya daɗe a kashe, kamfanin layin suka karɓe abinsu."

"To kin ga, in injin ya kira, ba ke za ki ɗauka ba."

"Na sani."

"Ba zan iya saka miki ba, 'yata."

Da Auta ta sake magana muryarta ta canja. "Anti, kin san aikina? Iyayen wasu nake wankewa. Ina ba su abinci a baki, ina taje musu kai. Akwai wata da take kirana da sunan 'yarta, ina amsawa, don kar ranta ya ɓaci. Nawa uban yana can a zaune yana zaton na yar da shi. Shekarunsa sun ja, ban san ko zan same shi ba. Ke kuma ƙa'ida kike karanta mini?" Ta kashe wayar.

Wadda ke zama a teburin kusa ta ga abin da ya biyo baya, ita ta ba da labari. Uwar Layi ta buɗe asusun Auta, ta rubuta lambar a gurbinta, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora yatsa a kan maɓallin. Babu wanda zai sani. Ita ma uwa ce, tana da ɗa a wani gari da ba ya kira sai ya tuna, kuma ta san yadda ake ajiye waya a gefen faranti ana satar kallonta. Tausayi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Ta daɗe a haka, sannan ta goge lambar, ta cire tabarau ta ajiye.

Abin da ya hana ta ba tsoron manaja ba ne. Tsohon nan ya rasa ido, an sace masa yarda da kunnensa, abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake gaskatawa, wato lamba. Ita kuwa ta fi kowa sanin babu abin da ya kai lamba sauƙin aro. In ta ara yau don tausayi, ta buɗe ƙofar da ɓarayi ke bi, kuma gobe wata mai iya kuka za ta zo da labarin da ya fi wannan. Bayan haka lambar tana da mai ita, mutum ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, za a riƙa yawo da sunansa bai sani ba.

Ke ce, Uwar Layi, kika ƙi abin da zuciyarki take so, kuma ba ki tsaya a kan ƙin ba. Da yawanmu in mun ce "ba zai yiwu ba" sai mu ji mun sauke nauyi, mu tashi mu tafi cin abinci. Ke kuwa ranar abincinki a jaka ya koma gida.

Ta ɗauki wayar ofis ta kira lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Mai famfo ne, ina ne ya fashe?"

Ta gaishe shi, ta fara bayani a tsanake. Tana kaiwa wurin da za ta ce inji zai kira shi ya karanta masa wasu lambobi shi kuma ya faɗa mata, sai ya fashe da dariya.

"Hajiya, kin makara, an riga ki. Jiya ma wani ya ce na ci mota. Ki gaishe da ogan naku." Ya katse.

Ta bi wayar da kallo, sai ita ma dariya ta kama ta. Tsawon aikinta tana korar 'yan damfara, yau ga shi an saka ta a layinsu, kuma ta ji daɗin yadda ya yi. Ta san ta waya ba za su daidaita ba. Allah Ya taimaka mutumin a garin yake, ga kuma famfon wanke hannu na ofishin da yake ɗiga tun zamanin tsohon manaja, an ajiye masa bokiti an manta. Washegari ta kira shi da wayarta, ta ce akwai aiki.

Ya zo da jakar kayan aiki a bayan babur, gajere mai yawan magana. Ya kwanta a ƙarƙashin kwamin wanke hannu yana mita a kan wanda ya yi aikin farko. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, ni ce wadda ka ce in gaida ogana."

Ya leƙo da kai. "Subhanallahi. Hajiya, a yi haƙuri, zamanin ne."

"Ka yi daidai. Ci gaba da aikinka, labari zan ba ka."

Ta ba shi tun daga farko. Da ta zo kan tsohon da ya ce 'yarsa lamba ɗaya gare ta, sai ƙarar sifana ta tsaya. Mai famfo ya fito daga ƙarƙashin kwamin ya zauna a ƙasa, hannunsa duk tsatsa.

"Wani dattijo ne mai magana a hankali? Auta yake cewa?"

Uwar Layi ta matso da kujerarta. "Ka san shi?"

"Hajiya, tun da na sayi layin nan duk ƙarshen mako sai ya kira. Auta? Haka yake farawa. Ranar farko na ce Baba, ba lambar ba ce. Sai ya ce yi haƙuri, ɗana. Wani makon ya sake kira. Wallahi na kasa maimaita masa. Na ce Baba, ba ta kusa. Ya ce to, in ta zo ka ce ubanta ya kira. Shi ke nan muka ɗora a haka. Ko ina cikin rami in na ga lambarsa sai na goge hannu na ɗauka." Ya share fuska da bayan hannu. "Ni na ɗauka ko ta rasu ne ba a gaya masa ba, ko kuma irin 'ya'yan nan ne marasa imani. Allah Ya yafe mini, na zage ta a raina ba sau ɗaya ba."

Ashe kafin ta tafi Auta ta saita masa maɓalli ɗaya a wayar, ya danna ya riƙe sai wayar ta kira ta. Shi yake lalubawa da yatsa. Gwaggo ba ta sani ba, don yakan bari sai ta fita kasuwa. Duk wannan lokacin da 'yar take kuka a can uban ya ƙi ɗauka, uban yana nan yana nemanta, ana ce masa ba ta kusa.

Can mai famfo ya ce, "Amma Hajiya, kar ki ce in bayar da layin. Na rubuta shi a bangon rabin garin nan. Da shi nake ci da yarana."

"Ba wanda zai karɓe maka layi. Aro nake nema, kuma da saninka. Zan saita ta yadda lambarka ba za ta fita ba sai in ita ce ta kira, kuma sai in shi ta kira. Ko ƙawarta ta buga wa, lambarka ba za ta bi ta ba. Ranar da ka ce ka fasa, ranar zan cire."

"Ana iya haka?"

"Ana iyawa, wahala ce kawai ba a so."

Wahalar ta sha ta kuwa. Injunan ba a yi su don mutum ɗaya ya ari lambar wani saboda mutum ɗaya ba, sai da ta yi kwanaki tana gwadawa da wayoyin ofis, ta kira wannan ta kira wancan, ta tabbatar babu ta inda lambar za ta zille. Ta kai wa manaja maganar, ya saurara ya ce in mai layin ya yarda a rubuce shi ba shi da ta cewa. Mai famfo ya dawo ranar da ta gama, sanye da riga mai tsabta kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Injin ya kira shi, ya ɗauka, ya karanto lambobin da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Famfon ma ya daina ɗiga, aka rasa abin da za a yi da bokitin.

Sannan ta kira Auta. "'Yata, kin huce?"

"Anti, ki yafe mini, ranar..."

"Bar wannan. Kira babanki."

A nan ya kamata a san wani abu game da aikin Uwar Layi. Ba ta jin abin da ake faɗa a waya, ba ta taɓa ji ba, kuma ba ta so. Abin da take gani layi ɗaya ne a allo: kira ya shigo, ga lambar da ya fita da ita, waya tana ƙara, an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Da yammar nan mutanen ofishin duka suka taru a bayan kujerarta, har mai famfo da ya ƙi tafiya. Layin ya bayyana. Lambar ta fita daidai. Waya tana ƙara. Ta yi ta ƙara har ta gaji ta yanke. Auta ta sake kira, aka sake yin haka.

Sai ga ta a wayar ofis, da ƙyar ake gane maganarta. "Anti, bai ɗauka ba. Ya yi fushi da ni. Na san ya yi fushi."

Uwar Layi ta ce ta dakata. Ta sake bin saitin, babu kuskure ko ɗaya. Ta karɓi lambar Gwaggo a wurin Auta ta kira da wayarta. Gwaggo ta ɗauka tana raɗa, tana jan hanci.

"Baiwar Allah, ke ce mai aikin? Ga shi nan a zaune bakin gado. Ya tallabe wayar da hannu biyu."

"To me ya hana shi ɗauka? Bai ji ƙarar ba ne?"

"Ai ba ƙara take yi ba. Muryarta ce. Ashe ja'irar kafin ta tafi ta ɗauki muryarta ta saka masa, in ita ta kira muryar ke fita. Wai, Baba ɗauka mana, ni ce, Autarka ce, kar ka bar ni a tsaye. Sai ta yi dariya a ƙarshe. Na ce Yaya, ɗauka mana! Ya ce in na ɗauka za ta yi shiru, bari ta kai dariyar."

Auta kanta ta manta ta yi wannan. Wasa ne na ranar haɗa kaya, don ta sa shi murmushi. Shi bai manta ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Da ya ce lamba ɗaya gare ta, abin da yake jira ke nan, don ya san wannan muryar tana cikin wayarsa, babu ɓarawon da zai iya tayar da ita sai lambar ta zo.

Uwar Layi ta koma kan Auta. "Ba fushi yake ba. Sauraronki yake. Sake kira, ki yi haƙuri ya gama."

Kira na uku ya shigo. Ya yi ta ƙara har aka fara sauke numfashi. Daf da zai yanke, rubutun ya canja: an ɗauka. Mai famfo ya buga tsalle ya ce wani abu da ba a gane ba, direba ya fita baranda wai ƙura ta shiga masa ido. Ita ba ta motsa ba, tana kallon mintuna suna hawa.

Abin da aka faɗa, daga bakin Gwaggo aka ji daga baya. Tsohon ya ce, "Ke ce?" Ta ce, "Ni ce, Baba." Ya ce, "Waccan ta iya kukanki, amma ba ta zo da dariyar ba." Can ya ce, "Yaron nan kullum sai ya ce mini ba kya kusa." Auta ta ce, "Gaskiya ya faɗa maka, Baba. Ba na kusa." Ya ce, "To yaushe?" Kafin ta amsa ya katse ta. Ya ce, "Bari, kar ki faɗi abin da ba ki sani ba. Ki dai riƙa kira."

An tashi daga aiki, kowa ya watse, mai gadi ya leƙo da makulli a hannu. Ta ce ya ƙara mata lokaci kaɗan. Ba abin da za ta yi wa kiran, injin ba ya bukatar ta tsaya a kansa, amma ta kasa kashe kwamfutar alhali suna magana. Sai da layin ya rufe don kansa ta ɗauki jaka.

Da ma a ce daga nan Auta ta hau jirgi ta dawo. Ba ta dawo ba. Har yau da ake wannan rubutu takardunta ba su fito ba, tana can tana taje kan iyayen wasu, tsohon kuma ƙarfinsa yana raguwa, Gwaggo ta ce yanzu sai an kama shi yake fita tsakar gida. Abin da ke tsakaninsu muryar nan ce kawai, da lambar aro. Har yanzu yana danna maɓallinsa ya sami mai famfo, sai dai yanzu cewa yake, "Ɗana, ya aiki, ya yaran?" Mai famfo ya tura wa Auta saƙo cewa Baba na nema, ita kuma ta nemi lungu ta kira. Uwar Layi ba ta taɓa ganin Auta ko mahaifinta ba. Ta taɓa cewa tana so ta je ta gaida tsohon, sai kuma ta fasa, ta ce ba ta so ya san akwai hannun wani a tsakani.

A makon da ya wuce tana miƙa aiki ga wadda za ta gaji kujerar, mace mai kaifin ido da ba ta barin komai ya wuce ta. Suna bin allo sai ta tsaya.

"Anti, wannan asusun yana da matsala. Duk sanda aka kira, na farko sai ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba, sai na biyu. Kullum haka. In duba?"

"Ki bar shi."

"Amma kamar..."

"Ba matsala ba ce. Zauna in gaya miki."

Mun gode, Uwar Layi, mai sa a ɗauka. Mun gode da wannan, da kuma dubban kiran da ba mu san labarinsu ba, na 'ya'ya da iyaye da ma'auratan da nisa ya raba, waɗanda suka ga suna a fuskar waya suka yarda da shi, ba su san akwai wata mai rigar sanyi da ta tsaya ta tabbatar sunan gaskiya ne ba. Ke ce kika riƙe lambar mutum kamar mutuncinsa, ba ki bayar da ita don kuɗi ba, ba ki bayar don kuka ba, sai da kika nemo mai ita kika tambaye shi. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya sa naki na nesa su riƙa tunawa da ke tun kafin ki fara duba waya.

Ku kuma da kuke zaune a irin kujerarta, a kowane ofishi kuke, ku yi koyi da ita. In za ku ce a'a ku faɗa, amma kar ku tashi daga wurin sai kun nemi hanyar da ta halatta. Ku da ke nesa da gida, ku kira, in ba a ɗauka ba ku sake kira. Kuma ranar da kuka ga wani kira a allo ya yi ta ƙara har ya yanke, kar ku yi saurin cewa layi ne ya lalace. Akwai wani tsoho a bakin gado da waya a tafin hannu, yana jira 'yarsa ta gama dariya.